Tsohon Babur na Tseren Ƙasa: A Bar Shi Yadda Ya Fito, Ko a Sauya Masa Hali?

Babur ɗin tseren motokuros ba a ƙera shi don ya tsufa ba. Ba fitila gare shi, ba lamba, ba madubi, ba ma agogon da zai nuna tafiyar da ya yi. Kamfani ya yi shi ne ya yi shekara ɗaya ko biyu yana tsalle kan tudu da kwazazzabo, yana cin laka da ƙura, sabon samfuri ya fito, a jingine shi a bayan gida. Shi ya sa idan aka kawo wanda ya haura shekara hamsin wurin mai gyara, abin da ake saukewa daga a-kori-kura yakan zama firam mai tsatsa, da inji a ƙame, da kwali biyu ko uku na tarkace, mai shi kuma yana rantsuwa cewa komai yana ciki. Da wuya komai ya kasance a ciki.

A Amurka da Ingila da Ostireliya da ƙasashen Turai akwai mutanen da wannan tarkacen ne abincinsu. Wasu suna da shago da ma'aikata, wasu a garejin gidansu suke aiki bayan sun yi ritaya. Kuma sana'ar ta rarrabu: akwai wanda ba ya taɓa komai sai inji, akwai mai fitar da lotsawar tanki, akwai mai saƙa sifok, akwai mai ɗinkin sirdi. Babur guda sai ya zagaya hannu biyar ko shida, gunduwa-gunduwa ta gidan waya, kafin ya dawo ya haɗu wuri ɗaya.

Wasan kansa a Ingila ya samo tushe. Tseren farko da ake lissafawa an yi shi ne a Camberley a 1924. Gasar duniya ta ajin 500cc ta fara a 1957, kuma manyan baburan Ingila masu nauyi suna da ƙarfi a lokacin, har Jeff Smith ya ci kofin a kan BSA a 1964 da 1965. Daga nan sai injin tu-sitirok, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, mai hayaƙin nan da muka sani, ya ƙwace fagen saboda rashin nauyinsa: CZ daga Cekosulobakiya, Husqvarna daga Suwidin, Maico daga Jamus, Bultaco daga Sifen. Japanawa suka biyo baya. Joël Robert ya ba Suzuki kofin duniya na 250cc a 1970, sannan a 1973 Honda, kamfanin da mai shi Soichiro Honda ya yi ƙaurin suna wajen ƙin injin tu-sitirok, ya fito da CR250M Elsinore, mai tankin alminiyam mai sheƙi da koren zane a samansa. A wannan shekarar Gary Jones ya ci gasar Amurka ta 250cc a kansa. Yaran da suka yi ta leƙen wannan babur ta gilashin shago aljihu ba ko sisi, su ne dattawan da yau suke biyan a tayar musu da shi.

Ƙwararren mai gyara ba ya ɗaukar sifana sai ya yi wa mai babur tambaya guda: hawa za ka yi, ko ajiyewa? Duk abin da zai biyo baya, har irin fentin da za a sa wa firam, a kan amsar nan yake. Sannan ya duba lambar firam da ta inji, domin a babur ɗin tsere abu ne da aka saba a tarar injin 1974 a cikin firam ɗin 1973. Wani ya fasa nasa ranar Lahadi, ya ɗora na maƙwabci kafin Lahadi ta zagayo. Bayan haka sai hoto. Kowace waya, kowane noti, ta ina igiyar kuloci ta bi, duk sai an ɗauka kafin a kwance, a sa ƙananan kaya a leda a rubuta sunansu. Wanda ya dogara da ƙwaƙwalwarsa, wata takwas nan gaba zai tsaya da washa ɗaya a hannu bai san daga ina ta fito ba.

Akwai wata ƙaramar alama da ke nuna irin hannun da babur ya bi a baya: kawunan sukurori. Sukurorin baburan Japan suna kama da mai kai gicciye da kowa ya sani, amma ma'auninsu daban ne, na Japan, kuma da yawansu suna da ɗan ɗigo a gefen gicciyen. Idan aka sa musu sukundireban da ba nasu ba, sai ya riƙa zillewa yana cinye kan. Mai gyara na kallon murfin inji, ya ga kawunan duk sun zama rami, ya san abin da zai tarar a ciki.

Cikin injin tu-sitirok ba kaya da yawa, kuma wannan sauƙin ne ke yaudarar sabon shiga. Ba bawul, ba kamshaf. Amma kiranshaf ɗinsa ba dunƙule ɗaya ba ne. Faifai biyu ne na ƙarfe da aka matse a kan sanda guda, kwanrod da boris ɗinsa suna tsakiya. Don a sauya kwanrod sai an raba su da injin matsi mai ƙarfin tan da yawa, a sake matsewa, sannan a zo ga aikin da ke bambanta gwani da mai koyo. Ana ɗora kiranshaf ɗin a kan mazauni biyu, a kafa masa agogon awo a kowane gefe, a juya shi a hankali da yatsa ana kallon allura. Inda allura ta tashi, a sa alli. A sauke shi, a ba shi bugu ɗaya da gudumar tagulla, a mayar, a sake juyawa. Haka za a yi ta yi, wani lokaci minti goma, wani lokaci yini, sai rawar allurar ta sauko wajen milimita 0.03 ko ƙasa da haka. Idan aka yi ha'inci a nan babur zai tashi, zai ma yi gudu, amma zai riƙa karkarwa har hannun mahayi ya mutu, kuma ya cinye boris kafin lokacinsa.

Aiki na biyu da ba a gani a hoto shi ne gwajin iska. A irin wannan inji, ɗakin da kiranshaf ke juyawa shi ne famfon da ke tura mai da iska zuwa saman fistin, don haka dole ya kasance a toshe ruf. Robobin da ke gefen kiranshaf, in sun shekara hamsin, sun bushe sun tsattsage. Bayan an sauya su an rufe inji, sai mai gyara ya toshe mashigar kafireta da mafitar salansa, ya hura iska kaɗan da famfon hannu, ya zuba wa agogo ido na wasu mintoci. In allura ta fara sauka, sai ya ɗauko ruwan sabulu ya bi kowace gaɓa yana shafawa har ya ga inda kumfa ke tashi. Ɓarakar da ido ba ya gani ta isa ta sa iska ta rinjayi mai, inji ya ɗau zafi, fistin ya narke ya manne a silinda a tsakiyar gudu. Wannan ɓangaren ba a gardama a kansa. Mai son orijina da mai son sauyi duk haka suke yi. Gardamar a waje take, a abin da ake gani da abin da ake ji in an hau.

Masu ra'ayin orijina burinsu babur ya koma yadda ya fito daga akwatin kamfani. Irin bincikensu sai wanda ya gani. Za su nemi tsohon littafin kayan gyara da tallace-tallacen mujallu na shekarar, su faɗaɗa hoto don su ga ko notin da ke riƙe da madigadi farin tutiya ne ko mai ɗan rawaya. Tsofaffin notuna ba a jefar da su. Ana wanke su, a kai su a sake yi musu rufin tutiya, domin sabon notin shago alamar da ke kansa daban ce. Igiyar birki in launin toka ta zo, baƙa ba ta shiga ba. Abin da suka fi daraja shi ne kayan da kamfani ya yi tun wancan zamani amma ba a taɓa amfani da su ba, waɗanda suka kwana a kantar wani dilan da ya rufe shago tuntuni, har yanzu a cikin ledarsu da lambarsu. A babbar kasuwar tsofaffin babura da ake ci duk shekara a filin tseren Mid-Ohio, mutum zai yi yini yana tonon kwalaye don murfin gefe guda ɗaya. Salansar Elsinore ta 1973 misali ce: ta ƙarƙashin inji ta bi, kowane dutse da kututture ya same ta, saboda haka wadda ba ta lotse ba tsadarta ba a magana. Wadda ta lotse kuwa, akan toshe bakinta biyu, a hura mata iska, a bi lotsawar da wuta a hankali har ƙarfen ya taso. Aiki ne mai haɗari, domin ragowar mai a ciki yana iya kamawa, toshiyar kuma tana iya fita kamar harsashi.

Kuɗi yana bayan waɗannan mutane. A wajen gwanjo, babur mai lambobi daidai da kayansa na asali ya fi wanda aka yi wa kwaskwarima daraja nesa ba kusa ba. In kuma yana da tarihi, sai lissafi ya sauya baki ɗaya: Husqvarna 400 Cross na ɗan fim ɗin nan Steve McQueen, irin wanda fim ɗin On Any Sunday na 1971 ya sa duniya ta sani, an sayar da shi sama da dala 200,000 a 2018.

Sai dai su ma suna da cutarsu, wato wuce gona da iri. Kamfanonin wancan lokaci fenti siriri suke fesa wa firam, a wasu wuraren har ya ɗiga, waldar ma ba duka ce mai kyau ba. Mai gyaran yau sai ya kai firam a yi masa fentin gari da ake gasawa a tanda, mai kauri da sheƙi, ya goge alminiyam har mutum ya ga fuskarsa. Abin ya yi kyau, amma babu babur ɗin da ya taɓa fitowa daga kamfani a haka. Kaurin fentin nan kuma yana cike lambar firam, yana ɓoye tsagewa in ta fara, abin da ya sa masu tsere da yawa ba sa son sa.

Ɗaya ɓangaren, masu son sauyi, hujjarsu mai ƙarfi ce, kuma ni a ganina ba a cika ba ta haƙƙinta ba. Sukan ce: wane ne ya taɓa yin tsere da babur yadda ya fito? A shekarun 1970, yaro na sayen babur ranar Juma'a, kafin Lahadi ya cire madigadin ƙarfe ya sa na roba na Preston Petty wanda ba ya karyewa. In ya sami kuɗi ya sa kan silinda na DG ko Webco mai manyan fukafukai don sanyi, ya sa salansar FMF, ya cire kafiretar Bing ko Amal ya sa Mikuni. Shokozoba mai iska ta Fox ta shiga har baburan zakaru. Da ita Kent Howerton ya ci gasar Amurka ta 500cc a kan Husqvarna a 1976. Tun kafin nan ma, 'yan'uwan nan biyu na Ingila, Don da Derek Rickman, da haɗe-haɗe suka yi suna: su ƙera firam nasu, su ɗora masa injin Triumph ko na wani kamfani, su sa masa suna Métisse, kuma yau ana rububinsa. To idan babur ya yi sa'a uku a rayuwarsa da kayan kamfani, ya yi shekara biyar da kayan kasuwa, wanne ne kamanninsa na gaskiya? Tambayar da ke gaban mai gyara ke nan kullum: wace rana ce a rayuwar babur ɗin zai mayar da shi gare ta. Har ta kai yanzu wasu kayan kasuwar na wancan zamani sun fi na kamfanin wuyar samu da tsada.

Akwai kuma baburan da halinsu na asali mugu ne. Suzuki TM400 na 1971, wanda ake kira Cyclone, shi ne abin misali. Injinsa ƙarfi gare shi, faifan kiranshaf ɗinsa ba nauyi, na'urar wutarsa kuma tana sauya lokacin tartsatsi ba zato ba tsammani, firam ga shi da laushi. Mahayi na cikin kwana sai ƙarfi ya zo masa gaba ɗaya, taya ta baya ta wuce shi. Mutanen lokacin sun yi ta ƙara wa faifan nauyi da sauya wutar don su tsira da ƙashinsu. Mai gyaran da dattijo ɗan shekara sittin da biyar ya kawo wa TM400 ya ce hawa zai yi, in ya mayar masa da shi daidai yadda ya fito, ya cika amanar tarihi, amma ban ga ya kyauta wa mutumin ba.

Wasu sauye-sauyen ma zamani ne ya tilasta su. Fetur ɗin da aka fi sayarwa a Amurka yana da kashi 10 cikin 100 na sinadarin itanol, shi kuma yana narkar da tankunan faiba da Bultaco da Montesa da Ossa suka zo da su. Narkakken ya bi mai ya shiga inji ya danƙare. Dole a yi wa tankin rufi ta ciki, ko a nemi man da ba itanol, ko a ajiye shi a sa wani. Takalmin birki na da, gam ɗin da ke riƙe da fatarsa yana saki, fatar ta ɓalle ta cije taya. Ba mai hankalin da zai hau da shi. Wutar kwantak da tsofaffin na'urorin Motoplat na Sifen ana musanya su da na zamani irin su PVL ko Vape, waɗanda suke ɓuya a bayan murfin inji ba mai gani, babur kuma ya tashi da kik ɗaya ko biyu. Ga wanda gwiwarsa ta fara ciwo, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Har man haɗi ya sauya: littattafan da yawanci kashi 20 na fetur da kashi 1 na baƙin mai suke cewa, yau da man zamani mutane da yawa 32 ko 40 da 1 suke haɗawa, kuma in an sauya haɗi sai an sake duba ma'aunin kafireta.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne shokozobar baya. Har zuwa farkon shekarun 1970 tayar baya ba ta motsawa sama da ƙasa fiye da inci 4. A 1973 Håkan Andersson ya ci kofin duniya na 250cc a kan Yamaha mai shokozoba guda ɗaya doguwa da ta shige ƙarƙashin tanki, fasahar wani injiniya ɗan Beljiyam, Lucien Tilkens. A daidai lokacin Maico ya matsar da shokozobobinsa na baya zuwa gaba don taya ta ƙara samun wurin motsi. Cikin 'yan shekaru kaɗan inci 4 ya koma kusan 12, kuma duk babur ɗin 1973 da 1974 ya zama tsohon yayi. Masu shi da ba su da kuɗin sabo sai suka ɗauki zarto da walda, suka yanke mazaunin shokozoba, suka matsar da shi gaba ko suka kwantar da shi. Dubban firam aka yi wa haka, wasu da gwaninta, yawanci a bayan gida da waldar da za ta ba ka tsoro. Yau ƙungiyar tseren tsofaffin babura ta Amurka, AHRMA, ta kafa iyaka ga ajin baburan 1974 zuwa baya: motsin tayar gaba kada ya wuce inci 7, na baya kada ya wuce inci 4. Saboda haka wani babban ɓangare na aikin mai gyara shi ne warware gyaran da wani ya yi shekara hamsin da suka wuce. Sai ya nemo firam ɗin da ba a taɓa ba ya auna, ya ƙera ma'auni na ƙarfe da zai riƙe komai a mazauninsa, ya yanke tsohuwar walda, ya sassaƙa sabon mazauni ya liƙa. Firam ɗin Elsinore da ire-irensa bututun ƙarfe ne siriri mai gauraye da kuromiyam, zafi ya yi yawa sai ya yi rauni a gefen waldar, don haka ba kowane mai walda ake ba shi ba.

Daga wannan ne na ɗauki matsayina. Duk abin da ake ɗaurawa da noti a kwance da noti, mai babur ya sauya abinsa yadda ya ga dama: shokozoba, kafireta, wuta, salansa, kan babur, har matakan ƙafa masu faɗi. Sharaɗi guda, kayan asalin a wanke su, a shafa musu mai, a sa a kwali, kwalin kuma ya bi babur duk inda aka sayar da shi. Zarto da dutsen gurza su ne abin tsoro. Tagogin silinda da aka faɗaɗa ba sa komawa, kunnen firam da aka yanke don rage nauyin da bai kai na kofin shayi ba sai an sha wuya kafin a mayar. Silinda ma tana da iyaka: kowane borin yana cin kashi ɗaya cikin huɗu ko rabin milimita, bayan 'yan lokuta ta ƙare sai dai a sa mata sabon hannun riga. Gwanin gaske yakan auna ya ga ko wasa ta da sabon ringi za su wadatar, ya bar wa na bayansa abin da zai ci. Kuma in Allah Ya sa aka dace da babur da bai taɓa shan gyara ba, fentinsa na asali ko da ya koɗe, sitikarsa ko da ta tsage, to a wanke shi kawai a gyara cikinsa. Waɗannan su ne ma'aunin da ake duba sauran da su, kuma kowace shekara raguwa suke.

Ta fuskar riba, sana'ar ba ta da daɗin lissafi. In ban da 'yan samfura kaɗan da masu tarihi, kuɗin da ake kashewa wajen tayar da babur yakan wuce abin da za a saye shi, shi ya sa masu shago suka fi son aikin da mai babur ya kawo ya biya ladan sa'o'i, a kan su saya su gyara su kai kasuwa. Masu kawo aikin kuma suna sauyawa, domin kowa babur ɗin ƙuruciyarsa yake nema. Masu son BSA da CZ suna ta raguwa. Maico 490 na 1981, wanda mutane da yawa ke ɗauka a matsayin gwarzon manyan babura masu shokozoba biyu, yana kan ganiyarsa. A bayansa ga baburan da ke sanyaya inji da ruwa, waɗanda suka fara yawaita daga 1981, da masu birkin faifai, har zuwa Honda CR250 na 1997 mai firam ɗin alminiyam, duk sun fara shigowa shago a matsayin tsofaffi. Su nasu ciwon daban ne: murfin famfon ruwa na maganiziyam da ruwa ya cinye ta ciki, silinda mai rufin da ba a yi masa borin sai dai a aika a sake rufawa, da tankin roba da tururin fetur ke ratsawa ya kumbura sabuwar sitika cikin 'yan makonni. Mai gyaran da ya ƙware a bugun alminiyam da saita kwantak, yanzu ga shi zaune da reza da takardar yashi yana kankare tankin roba da ya koma ruwan ɗorawa, yana neman farin da ke ƙarƙashi.